Djibo Bakary: Mushen Agadas da Ya Zama Magajin Garin Yamai



In kuka tambayi tsofaffin garin nan labarin zamanin Raƙumi da Giwa, za ku ga wasu sun yi murmushi, wasu kuwa sun sauya magana. Raƙumi alamar jam'iyyar Sawaba ce, Giwa kuma alamar RDA. An yi fiye da shekara 60 da wannan rikici, amma har gobe akwai gidajen da ba a son a tayar da zancen. Mutumin da ke tsakiyar labarin shi ne Djibo Bakary. Malamin lakwal ne da ya taɓa riƙe alli a nan Agadas, daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da aka zaɓa magajin garin Yamai, sannan ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci ministocin Nijar. Yana da shekara 35 duk wannan ya taru a hannunsa. Cikin wata 17 gwamnatin ta kuɓuce masa, saboda kalma ɗaya da ya yanke shawarar faɗa wa Faransa.

Ku biyo mu a hankali, ku ga yadda ya hau, abin da ya ɗora a kan faifai, da abin da ya biyo baya. Akwai inda za ku yaba masa, akwai kuma inda za ku girgiza kai.

Daga Soudouré zuwa Tawa

An haifi Djibo a 1922 a Soudouré, wani ƙauyen Zabarmawa da ke bakin kogin Kwara, dab da Yamai. Ku riƙe sunan ƙauyen nan, don a cikinsa aka haifi Diori Hamani a 1916. 'Yan'uwan juna ne, kuma su biyun ne za su raba Nijar gida biyu.

Tun yana ƙarami aka tafi da shi Tawa, a can ya shiga lakwal, a can kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a rayuwarsa. Mafi yawan 'yan bokon farko na Nijar mutanen yamma ne, mulkin mallaka ma ya bar Damagaram ya mayar da hedkwata Yamai tun 1926. Yawan jama'a da gyaɗa da kasuwanci kuwa suna gabas, a ƙasar Hausa. Djibo ya tashi yana iya tsayawa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya yi wa mutane magana ba tafinta.

Karatu ya kai shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan Afirka ta Yamma da ke hannunta. Nan Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya yi, nan Modibo Keïta na Mali ya yi, haka Diori da Boubou Hama. Djibo ya gama a 1941, duniya tana tsakiyar yaƙi, aka ba shi aikin koyarwa. Ya yi Birnin Ƙonni, daga baya aka turo shi Agadas.

Agadas ɗin da ya tarar

Kada ku auna Agadas ta wancan lokaci da wadda kuke ciki. Hasumiyar babban masallaci tana nan, fadar Sarkin Abzin tana nan, ayarin gishiri yana tafiya Fashi da Bilma kamar kullum. Amma garin bai warke ba daga abin da ya same shi a 1916 da 1917, lokacin da Kawsan da Sarki Tagama suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya har wata uku. Da sojan Faransa suka karɓe garin, sun yi ramuwar da ta ci rayukan jama'a, har da malamai. Mutanen da suka ga wannan da idonsu suna raye sa'ad da Djibo ya zo.

Mulkin arewa a hannun soja yake. Kumandan na da ikon ɗaure mutum ko ci masa tara ba tare da alƙali ba. Akwai aikin tilas, a kwashi mutane a kai su gyaran hanya ko gini ba ko sisi. A shekarun yaƙi ana karɓar raƙuma da hatsi da sunan taimakon Faransa. Iyaye kuma ba su yarda da lakwal ba, da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo ɗaukar yara.

To, ku dubi matsayin mushe a irin wannan wuri. Albashinsa daga hannun Bature yake fitowa, a aji yana koya wa yara cewa Faransa ƙasar 'yanci da daidaito ce, da ya fito ƙofar lakwal kuma sai ya ga gardi yana kora uban ɗalibinsa zuwa aikin tilas. Malamai da yawa sun ga haka sun yi shiru, don iyali da albashi. Djibo bai iya shirun ba, kuma tun daga shekarun koyarwarsa hukuma ta sa shi cikin masu taurin kai.

Ya ajiye alli

Shekarar 1946 ta buɗe ƙofa. A watan Afrilu majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A watan Mayu aka kafa jam'iyyar farko ta Nijar, PPN. A watan Oktoba aka yi babban taron Bamako da ya haifi RDA, wadda PPN ta zama reshenta. Diori ya tafi majalisar Faransa a matsayin depite. Djibo kuwa ya bar koyarwa, ya zama sakataren jam'iyya, shi ke yawon gari gari yana kafa rassa.

A lokacin RDA tana ƙawance da 'yan kwaminis na Faransa a majalisa, don su ne suka fi goyon bayan buƙatun 'yan mulkin mallaka. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin laifi. Ma'aikacin da aka gani da katin jam'iyya sai a cilla shi daji ko a kore shi. Gwamna ya taimaka aka kafa wata jam'iyya ta sarakuna da manyan ma'aikata don ta karya PPN. Da wuta ta yi wuta, a watan Oktoba 1950 Houphouët ya raba gari da 'yan kwaminis ya nemi sulhu da gwamnatin Faransa. Diori da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi, yana ganin an sayar da gwagwarmaya, ya tsaya tare da Gabriel d'Arboussier. Nan hanyar 'ya'yan Soudouré biyu ta rabu, ba ta sake haɗuwa ba.

Lambu da sandika

Ga shi ba aikin gwamnati, ba jam'iyya. Me zai ci? Sai ya koma noman lambu a gefen Yamai. Mutumin da ya fito daga Ponty, ga shi da ban ruwa da kai kayan miya kasuwa. A wajen 'yan boko na lokacin wannan faɗuwa ce. Shi kuwa a nan ya sami jama'arsa. Ya fara haɗa leburorin gona cikin sandika, daga nan ya shiga sauran ma'aikata, har ya zama jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Nijar. Zamani ne na fafutukar dokar aiki, wadda Faransa ta amince da ita a watan Disamba 1952 bayan yajin aikin da ya game Afirka ta Yamma. Samun doka a takarda daban, sa mai gida ya bi ta daban, kuma wannan na biyun shi ne aikin sandika.

A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN, tare da matasa irin su Ousmane Dan Galadima na Madawa da Abdoulaye Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarraounia. Su wa suka cika ta? Direbobi da yaran mota, 'yan kamasho, teloli, mahauta, 'yan koli, masu dako, ƙananan ma'aikatan gidan waya, da mutanen da suka baro ƙauye suna neman abin kai wa baka a birni. Direba in ya ɗauki kaya daga Damagaram zuwa Agadas, da labarin jam'iyya yake tafiya. Ba rediyo a kowane gida, ba waya, tashar mota ita ce jaridar talaka.

Mutanen nan ne suka raɗa wa jam'iyyar sunan da ya bi ta: Sawaba, wato sauƙi bayan wuya. Kalmar tana yawo a Kano da Zariya tun 1950, a bakin 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano. Damuwar iri ɗaya ce a ɓangarorin iyaka biyu: haraji, zaluncin wasu masu sarauta, da farashin gyaɗa da manyan kamfanonin Turawa ke yankewa yadda suka ga dama.

Magajin gari

A zaɓen depite na watan Janairu 1956 Djibo ya tsaya, Diori ya kayar da shi da ƙyar. Kowa ya gane cewa mai lambun nan ya zama ƙarfi.

Damarsa ta zo a watan Nuwamba na wannan shekara. Kafin nan Bature ma'aikacin hukuma ne ke riƙe da garin Yamai. Sabuwar doka ta ba manyan garuruwa ikon zaɓen majalisar gari, ita kuma ta zaɓi magajin gari daga cikinta. Ranar 18 ga Nuwamba 1956 aka yi zaɓen. Ba jam'iyyar da ta sami rinjayen da zai ishe ta ita kaɗai. Sai Djibo ya yi abin da ya ba mutane mamaki: ya ƙulla ƙawance da BNA, jam'iyyar su Issoufou Saïdou Djermakoye da Georges Condat. Da ƙuri'unsu ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen nan ne Sékou Touré ya zama magajin garin Konakiri, Modibo Keïta na Bamako, Houphouët na Abijan. Kun ga ke nan kujerar ba ta wasa ba ce, matakala ce ta shugabancin ƙasa.

Yamai ta lokacin ba ta kai Agadas ta yau yawan jama'a ba. Duk da haka, karon farko ke nan da kasuwa, tsabtar unguwanni, rabon filaye, harajin gari da ɗaukar leburori suka koma ƙarƙashin mutumin da 'yan gari suka zaɓa, wanda mai dako zai iya tarewa a hanya ya yi masa ƙorafi da Hausa ko Zabarmanci.

Amma ku lura da ƙawancen nan. Jam'iyyar talakawa ta auri jam'iyyar sarakuna. Kowa da abin da yake nema: Djibo yana son ƙuri'un karkara da ke hannun masu sarauta, su kuma suna son su tare wa RDA hanya. Auren ya kai shi sama da sauri, kuma ta nan ɗin ne katangar za ta tsage.

Kujerar gwamnati

Dokar da ake kira loi-cadre, ta watan Yuni 1956, ta ba kowane baligi, namiji da mace, 'yancin jefa ƙuri'a, ta kuma ba kowace ƙasar mallaka ƙaramar gwamnati ta cikin gida. Ranar 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa mai kujera 60. Sawaba da abokanta suka ɗauki 41, PPN ta sami 19. Condat ya zama shugaban majalisa. A watan Mayu Djibo ya kafa gwamnati.

A takarda sunan muƙaminsa mataimakin shugaban majalisar gwamnati, don gwamna Bafaranshe shi ne shugaba. Soja, kuɗi, shari'a da hulɗa da ƙasashen waje duk suna hannun Faransa. Abin da aka bar wa ministocinsa shi ne irin su lafiya, ilimi, noma, kiwo, ayyuka da sha'anin ma'aikata. Baitulmali kuwa ba ya tsayuwa sai da tallafi daga waje. Cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal, waɗanda ke ciki ba su kai 5 ba. 'Yan ƙasa masu ilimin riƙe ofis sun yi ƙaranci har sai da aka sa Turawa cikin ministoci.

Da wannan ɗan iko Djibo ya so ya yi sauri. Ya nemi a mayar da ayyukan hukuma hannun 'yan ƙasa. Ya juya fuska wajen Gana, wadda ta sami 'yanci a watan Maris 1957, da Najeriya, inda kasuwar Nijar ta gaskiya take. Sannan ya taɓa abin da kowa ke tsoron taɓawa, wato sarauta. Gwamnatinsa ta dakatar da wasu masu sarauta, ta tuɓe wasu. Magoya bayansa suka ce an rama wa talaka. Abokan hamayya suka ce waɗanda ba sa bin jam'iyyarsa yake zaɓa yana tuɓewa, yana kuma cika ofisoshi da mutanensa. Ko wanne ne ya fi gaskiya, sauran sarakuna, har da na cikin ƙawancensa, sun shafa wa gemunsu ruwa. A watan Afrilu 1958 'yan Sawaba da 'yan RDA suka gwabza a titunan Yamai, aka zubar da jini. Siyasar Nijar ta fara koyon sanda tun kafin ta koyi haƙuri da juna.

I ko A'a

A watan Yuni 1958 Janar de Gaulle ya dawo kan mulki a Faransa, saboda yaƙin Aljeriya ya rusa gwamnatin da ke ci. Ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce a yi zaɓen raba gardama ranar 28 ga Satumba. Ƙasar da ta ce I za ta zauna cikin tarayya da Faransa, da mulkin kai na cikin gida. Wadda ta ce A'a ta sami 'yanci nan take, amma Faransa za ta janye kuɗinta da ma'aikatanta.

A ƙarshen watan Yuli jam'iyyun da ba na RDA ba suka yi taro a Kwatano ƙarƙashin inuwar PRA, suka amince da neman 'yanci ba jinkiri, Djibo kuma shi ne babban sakatarenta. A cikin kwanakin ne aka ɗaga muƙaminsa ya zama cikakken shugaban majalisar gwamnati. Da lokaci ya matso, manyan da suka yi ta tafi a Kwatano suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, har da Senghor na Senegal. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu kawai suka tsaya a kan A'a: Sékou Touré a Gine, da Djibo a Nijar.

Ku sa kanku a matsayinsa. Kana da gwamnati, kana da gidan magajin gari, kana da rinjaye a majalisa. In ka ce I, ba mai taɓa ka. In ka ce A'a, ƙasarka ba ta da teku, ba ta da layin dogo, ba ta da likitoci da injiniyoyi, albashin ma'aikata ma sai an taimaka. Lissafinsa shi ne Gana da Najeriya za su zama mafita, kuma 'yancin da aka ba ka da sharaɗi bai cika 'yanci ba. Ya zaɓi A'a, yana sane da cewa kujerarsa ya ɗora a kai.

Abin da ya sa Faransa ba ta sake ba

Me ya sa aka bar Gine ta tafi, aka riƙe Nijar? Amsar tana nan arewa, a ƙasar da kuke takawa. Nijar tana da doguwar iyaka da Aljeriya, inda Faransa ke yaƙi tun 1954. An sami man fetur a Hassi Messaoud a 1956. A 1957 masu binciken ma'adinai suka ga alamar uraniyum a Azelik, yamma da Agadas. Faransa tana shirin gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, wanda ta yi a Reggane a watan Fabrairu 1960. Tun watan Janairu 1957 ta kafa wata hukuma mai suna OCRS don ta haɗa yankunan hamada na Aljeriya, Mali ta yau, Nijar da Cadi ƙarƙashin kulawarta, kuma arewacin Agadas da Bilma suna ciki. Djibo yana kallon wannan a matsayin hanyar yanke arewa daga jikin ƙasa. A cikin manyan arewa kuwa akwai masu ganin mulkin Yamai ya fi na Faransa nisa da su. Wannan tambaya ba ta mutu ba, kun san ta sake tasowa a shekarun 1990.

Saboda haka Faransa ba ta yarda a sami ƙasa mai cin gashin kanta, abokiyar Nkrumah, a bayan Aljeriya ba. Ana saura 'yan makonni zaɓe aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Ya zagaya wajen sarakuna, waɗanda dama suna da ciwon Djibo a rai. Aka ƙaro sojoji, aka yi ta nuna ƙarfi a karkara, aka takura wa kamfen ɗin Sawaba. Djermakoye da mafi yawan 'yan BNA suka fice suka koma I, suka haɗe da Diori. Auren 1956 ya mutu a ranar da aka fi bukatarsa.

Sakamakon da aka bayyana: wajen kashi 78 cikin 100 sun ce I, kashi 22 sun ce A'a. Waɗanda suka fito ma ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Gine ta sami 'yanci ranar 2 ga Oktoba. A cikin watan nan Djibo ya sauka daga gwamnati. Aka rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, 'yan kujerun da Sawaba ta samu ma aka soke su daga baya. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Diori yana shugaban gwamnati. Kujerar magajin gari ita ma ta tafi. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba baki ɗaya.

Ga abin da zai ba ku mamaki: ranar 3 ga Agusta 1960, ƙasa da shekara 2 bayan zaɓen, Nijar ta sami 'yancin da aka ce ba ta isa ba. Mutumin da ya fara neman sa yana gudun hijira a Bamako.

Hijira da bindiga

Nan ne labarin ya yi ɗaci, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Da aka toshe hanyar ƙuri'a, aka cika gidajen kaso da 'yan Sawaba, Djibo da mutanensa suka yanke shawarar ɗaukar makami. Daga Bamako ya koma Akara wajen Nkrumah. Jam'iyyar ta tura matasa da yawa karatu ƙasashen gabashin Turai, wasu suka dawo likitoci da injiniyoyi. Wasu kuma aka kai su koyon yaƙi a Aljeriya, Sin, Biyetnam ta Arewa da Gana. Kano ta zama mafaka da mahaɗa, da taimakon 'yan NEPU.

A watannin Satumba da Oktoba 1964 ƙananan rundunoni suka tsallako iyaka ta kudu da ta yamma, suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Gwamnati ta riga ta sami labari. Aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu, aka kashe wasu, aka kama da yawa, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti yana nufin Shugaba Diori. Diori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu, wasu suka jikkata. Ba hujjar siyasa da za ta wanke jefa wuta cikin sahun masallata.

Abin da ya biyo baya kame ne ba iyaka, da duka, da mutuwa a tsare. Gidan kason Agadas yana cikin wuraren da aka ajiye fursunonin Sawaba shekara da shekaru. Yawancin waɗanda suka biya wannan farashi samari ne sa'o'inku, 'ya'yan direbobi da manoma. Giwaye suka yi faɗa, ciyawa ta sha taka. Da aka kifar da Nkrumah a watan Fabrairu 1966, Djibo ya rasa madogara, ya ƙarasa hijirarsa a Gine.

Komowa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan shekarun fari da yunwa, Seyni Kountché ya kifar da Diori. Aka buɗe gidajen kaso, Djibo ya dawo gida bayan wajen shekara 15. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Agusta 1975 aka kama shi tare da Sani Souna Sido, na biyu a gwamnatin soja, bisa zargin shirya juyin mulki. Ku dubi ikon Allah: 'ya'yan Soudouré biyu da suka yi shekara 25 suna jan igiya ɗaya, ga su duka a tsare a hannun soja guda. Sai a shekarun 1980 Djibo ya sami sakewa. Diori ya rasu a Maroko a 1989.

Da aka yi Taron Ƙasa a 1991 aka dawo da jam'iyyu, ya sake ɗaga tutar Sawaba, amma ta rabu biyu. A 1992 ya fitar da littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya tsaya yana da shekara 70 da 'yan kai, bai sami ko kashi 2 cikin 100 ba. Masu zaɓen sabbin haihuwa ne, da yawa ko sunansa ba su taɓa ji a lakwal ba, don an daɗe da share shi daga darasi. Ya karɓi sakamakon. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Yau gadar Farié da ke kan kogin Kwara, arewa da Yamai, sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ya rage gare ku

Har yanzu ana gardama a kansa. Wasu na cewa ya riga zamaninsa gani, wasu na cewa gaggawa ta kayar da shi, da ya yi haƙurin shekara 2 da shi zai karɓi tutar 'yanci. Ku yi taku gardamar, amma da ilimi.

Cikinku akwai wanda gobe zai zama kansila, ko magajin garin Agadas, ko minista. Wasu ma tun yanzu kuna riƙe da ɗan muƙami a ƙungiya. Ku tuna cewa Djibo bai fara da kujera ba. Ya fara da aji, da lambu, da zama cikin leburori yana jin kukansu, shi ya sa da ya yi kira aka amsa. Ku tuna cewa abokan da ya tara don cin zaɓe kawai, ba don manufa ɗaya ba, su suka fara barinsa. Ku tuna ya iya rabuwa da mulki a kan abin da ya yi imani da shi, abin da ba kowa ke iyawa ba. Ku kuma tuna cewa da aka zalunce shi ya ɗauki bindiga, bindigar ba ta dawo masa da komai ba, sai makoki a gidajen mabiyansa.

In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka ga 1958, ku je ku zauna kusa da su tun suna nan. Ku tambaye su me suka jefa a akwati, wa ya gaya musu su jefa shi, da abin da ya faru a unguwarsu bayan nan. Ku rubuta abin da suka faɗa, na Raƙumi ne ko na Giwa.

Allah ya jiƙan Djibo Bakary da Diori Hamani da duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan rikici, ya yafe musu kurakuransu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.